Ranar da Na Sa Aka Yanke Kariyar Malam Isuhu

Ranar nan ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma har yanzu ina iya lissafa duk wanda yake wurin. Akwai Ɗanjuma, babban makaniken garejinmu, wanda marigayi maigidana ya koya wa aiki. Akwai Bitrus mai walda, mutumin Bogoro, da rumfarsa take manne da tamu. Akwai Garba mai faci, zaune kan tsohuwar taya kamar kullum. Akwai mai mashin ɗin, Malam Isuhu, mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Dumi. Daga baya gwaggonsa Hajiya Ladi ta iso. Sai ni Asabe, wadda mutanen unguwarmu ta Gwallaga suke kira Goggon Gareji. Ranar Talata ce, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, damina ta fara zama.

Don waɗanda ba su san aikinmu ba, bari in faɗi yadda yake. Garejin mashin ba ya tafiya da mutum ɗaya. Babban makanike shi yake buɗe inji, shi yake cewa wannan ya mutu, wannan zai ƙara kwana. Mai walda nasa ƙarfe ne, ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙa. Mai faci nasa taya ne da iska. Mai gareji kuwa shi yake karɓar aiki, shi yake sallamarsa, kuma idan mashin ya kayar da mutum a hanya, sunansa za a kira, ba na mai sifana ba.

Ni ban shiga aji ba, kuma ban taɓa kwance inji da hannuna ba. Tun maigidana yana da rai nake zama a shagon kayan gyara, ina miƙa fulogi da cen, wato sarƙar mashin, ta taga. Da Allah ya karɓe shi, danginsa suka ce a sayar da wurin. Na ce a'a, na fito daga bayan taga na zauna a bakin rumfa. Abin da nake da shi ido ne da kunne. Na ga masu tafiya da yawa sun fita daga rumfar nan, na kuma ga mashinan da aka dawo mana da su a bayan a-kori-kura.

Duk wanda ya kawo mashin don doguwar tafiya, sai ya zauna gabana kafin a taɓa ko noti ɗaya. Wace hanya za ka bi? Me za ka ɗauka? Kai kaɗai ne ko da goyo? Daga amsarsa ake sanin aikin da za a yi.

Malam Isuhu mutum ne siriri, mai sanyin magana, irin waɗanda suke gaisuwa suna kallon ƙasa. Ya ce yayansa Malam Bala, wanda ya daɗe da zama a wani ƙauye gaba da Gembu, shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ga gona an shuka, ga 'ya'ya ƙanana. Zai je ya zauna da su har kaka. Idan ruwa ya yi ƙarfi mota ba ta shiga ƙauyen, kuma ana buƙatar abin kai mara lafiya asibiti, shi ya sa dole da mashin ɗinsa zai tafi. Ta Gombe zai bi, ya yi Numan, ya yi Jalingo, ya wuce Serti, sannan ya hau dutsen Mambila.

Ban taɓa zuwa Mambila ba, kuma ba zan yi ƙaryar na je ba. Amma direbobi sun sha gaya mini yadda hawan nan yake daga Mayo Selbe: hanya tana murɗewa tana hawa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, ga hazo ga santsi.

Na ce, "Me za ka ɗauka?"

Ya ce, "Jakar tufafina, Goggo, da akwatin kayan aikina, da magungunan da likita ya rubuta wa Yaya. Sai jarkar fetur."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

A kan wannan nauyin muka yi aiki, kuma aiki ne da ba na jin kunyar a duba shi. Ɗanjuma ya sauke inji ya wanke, ya sa sabon kuloci, ya juye baƙin mai. Ya cire siforket ɗin baya, wato faifan da cen yake bi, ya sa mai yawan haƙora, wanda yake rage gudu amma yake ƙara ƙarfin hawa, ya haɗa shi da sabon cen. Ya sake birkin gaba da na baya. Ya zura sabuwar wayar kuloci kusa da tsohuwar ya ɗaure su tare, don idan ɗaya ta tsinke a daji, sai dai a sauya baki a ci gaba. Ya nuna wa Malam Isuhu notin da zai murza a kafireto idan ya kai sama mashin ya fara shaƙewa. Garba ya sa tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaure sifok, wato wayoyin tayar baya, ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa masa famfo da kayan faci a cikin tsohuwar safa. Bitrus kuma ya yi ragar ƙarfe a gefe da gefe, ƙasa ƙasa, ɗaya ta jarka, ɗaya ta akwatin aiki. Ka'idar ke nan: nauyi ya sauka ƙasa, ya matso tsakiya, kada ya wuce tayar baya.

Ranar Talatar saura gwaji kawai, Laraba da safe zai kama hanya. Da hantsi na tafi ta'aziyya Fadaman Mada. Ina dawowa bayan azahar, tun daga bakin titi na hango abin da ban bari ba. Kariya, wato shimfiɗar ƙarfen da ake ɗaura kaya a bayan mashin, an ƙara mata rodi ta miƙe baya, ta wuce fitilar baya da kamu guda har da ɗori. An shafa mata baƙin fenti, tana ƙyalli.

Garba yana ganina ya fara dariya. "Goggo, sannu da dawowa. Zo ki ga gadon amarya."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Wa ya sa wannan?"

Bitrus ya miƙe yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a. "Mama, duba walda nan da kyau. Ko saniya aka ɗora, ba zai karye ba. Ni na tsaya masa."

"Na san ba za ta karye ba. Ba abin da na tambaya ke nan ba. Ɗanjuma?"

Ɗanjuma ya sosa ƙeya. "Mai mashin ne ya ce a ɗan ƙara masa, Goggo. Abinsa ne."

Na juya wajen Malam Isuhu. Yana zaune a benci, ya tsura wa takalminsa ido. Na ce, "Malam, kai ka ce, ko an ce ka ce?"

Bai kai ga amsawa ba sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin rumfa, ya rinjaya gefe guda don nauyi. Hajiya Ladi ta sauko. Ni da ita mun san juna tun muna tallan gyaɗa, kuma tun lokacin ba mu cika shan inuwa ɗaya ba. Ita ta riƙe Isuhu da Bala bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mai keke ya fara sauke kaya: rabin buhun dawa, jarkar man gyaɗa, ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa, kwanon daddawa, garin kunu, tabarma, da tukunyar ƙarfe.

Ta ce, "Asabe, kina nan da wannan fuskar taki? Na kawo a gwada ɗaurin tun yau, kada gobe a tsaya ɓata lokaci. Can masara kawai suke ci, Bala rabonsa da tuwon dawa an daɗe."

Na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Wannan duka naki ne?"

"Nawa ke nan kawai. Matar liman tana da ƙulli. Gidan masu goro suna da akwati, 'yarsu tana aure a Nguroje, a kan hanyarsa ne. Sauran sai gobe za a gani."

A nan ne ya kamata baƙo ya fahimci abu ɗaya game da cikin garinmu. Idan mutum zai yi tafiya, kayansa ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk mai ɗan'uwa a hanyar yana da haƙƙin ya ba shi saƙo, kuma ba a kawo saƙon sai safiyar tafiya, lokacin da ba sauran damar yin magana. Wanda ya ce ba wuri, za a tuna masa a wajen suna, a tuna masa a wajen jana'iza, a tuna wa 'ya'yansa. A mota abin yana wucewa, don direba ne zai yi rashin kunyar. A mashin kuwa ba direba. Kai ne, da kunyarka, da kariyarka. Kuma mu masu gyara mun saba da amsa guda: mutum ya ce kaya sun yi yawa, sai mu ƙara masa ƙarfe.

Ban yi gardama da ita ba. Na ce, "To, a ɗaura."

Suka ɗaura. Garba ya kawo robar tsohon tib ya ja ya ɗaure tamau. Buhu a can ƙarshen kariya, jarka a kansa, tukunya a kife a sama. Aka sa jakar Malam Isuhu da akwatin aikinsa a inda aka shirya musu. Na ce a ƙara bulo ɗaya a madadin akwatin masu goro.

Bayan garejinmu akwai wani hawa, inda hanya ta haye kwalbati. Gajere ne, amma a miƙe yake. A nan muke gwada kuloci. Malam Isuhu ya kama kan mashin zai hau, na ce a'a, Ɗanjuma ne zai fara, don shi ya yarda aka yi.

Ɗanjuma ya tayar. Injin yana kuka lafiya lau, wannan kam ba abin cewa. A fili ma mun ga kan yana rawa, yana yi yana gyarawa. Ya sa giya ɗaya ya kama hawan. Bai kai rabi ba tayar gaba ta rabu da ƙasa. Ya kwanta kan tanki da dukkan ƙirjinsa, ta sauka, ya ƙara wuta kaɗan don kada ya mutu, sai mashin ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Ɗanjuma ya zame ta baya ya dira da ƙafafunsa, hannunsa bai saki ba. Bitrus da Garba suka ruga suka tare. Tukunyar ta kuɓuce ta gangara har bakin shagon mai shayi, tana ƙara.

Ɗanjuma ya fi Malam Isuhu nauyi nesa ba kusa ba, kuma ya girma a kan mashin.

Garba ne ya fara magana. "Oga, ashe ka iya sukuwa."

"Rufe mana baki," in ji Ɗanjuma, yana duba gwiwar hannunsa.

Hajiya Ladi kuwa ko gezau. Ta ce, "Bai iya ba ne. Jiya na ga ɗan acaɓa da buhu uku da mace a sama, ya wuce ta gaban gidana."

Na ce, "Daga kasuwar Muda Lawal zuwa gidanki, a shimfiɗaɗɗen titi. Idan ya faɗi, mutane za su ɗaga shi, ya karkaɗe wando. Shi wannan idan kan ya tashi a kan dutse, bayansa rami ne, Ladi. Ba mai shayi a ƙasa."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Allah ne yake kiyayewa."

"Shi ne. Shi kuma ya ba mu ido."

Ta juya wajen ɗan ɗan'uwanta. "Isuhu, kai ka ce ba za ka iya ba?"

Ya ce, "Gwaggo, in sha Allahu... a hankali zan riƙa tafiya."

Na ce masa ya biyo ni shago, akwai abin da zan ba shi. Muna shiga na tura ƙofa.

"Malam, nan ba kowa. Ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Goggo. Tun da ta fara lissafa mini kayan ban yi barcin kirki ba. Amma ita ta goya mu. Ta hana cikinta ta ba mu. Yau Yaya yana kwance, ta ce in kai masa dawa, in dube ta in ce ba wuri? Da wane baki? In na ƙi nata, na matar liman fa? In na karɓi nata, yaya zan ƙi na sauran?"

"Idan ka faɗa rami, wa zai kai Bala asibiti?"

Ban jira amsarsa ba.

Na ce, "To ji nan. Ba kai za ka faɗa ba. Kai ka ci gaba da cewa to. Ni an daɗe da sanin ba ni da kirki, ba abin da zai ragu."

Na fito na ce, "Bitrus, ɗauko zarto. Yanke ta daidai fitila."

Bitrus ya dube ni kamar na ce ya yanke yatsansa. "Haba Mama! Tun hantsi nake kan wannan aiki. Ko abinci ban ci ba. Duba layin walda, kamar an ɗinka da keke."

"Na duba. Ba a yi irinta a layin nan ba. Kyanta ne ma ya ja mata, don da ruɓaɓɓiya ce da ta karye tun a Alkaleri, kafin ya kai Gombe, ya huta. Yanke."

Hajiya Ladi ta tashi tsaye. "Mashin ɗinki ne? Isuhu, kana gani za ta lalata maka abu?"

Malam Isuhu ya ce, "To, Gwaggo." Ya dube ni ya ce, "To, Goggo."

Na ce, "Mashin nasa ne, gareji nawa ne. Ba zai fita daga rumfar nan da wannan ƙarfen ba. Idan kina so, ki tura shi wani wuri a sake liƙawa, amma sai kin tura da hannunki, kuma duk Gwallaga za su ji dalilin da ya sa na ƙi."

Bitrus ya durƙusa yana gunaguni da yarensu, ya fara yanka.

A nan Ɗanjuma ya faɗi abin da ni ban hango ba, kuma ina so matasan makanikai su ji wannan. Ya ce, "Goggo, yankewa kaɗai ba za ta yi ba. In ba kariya, a kan sirdi za su ɗora, a bayansa. Su tura shi gaba har ya hau tanki, gwiwarsa ta hana kai juyawa. Na sha gani."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "To me ka gani?"

"Tunda ba goyo a hanya, mu cire dogon sirdin mu sa gajere na mutum ɗaya. Inda ya rage Bitrus ya kafa akwatin ƙarfe mai kwaɗo, murfinsa a ƙobare kamar bayan kunkuru, yadda ko an ɗora abu zai zame. Jakarsa da magani su shiga ciki. Dogon sirdin a aika masa a mota, noti huɗu ne, in ya isa ya mayar don ɗaukar mara lafiya."

Bitrus ya ɗago kai, zarto a hannu. Fushin ya fara sauka. "Ina da ƙofar tsohon firji a baya. Kafin la'asar sakaliya zan gama. Amma Mama, wannan kam ba za ki yanke ba."

"In ka yi shi daidai."

Suka duƙufa. Ni kuma na ja benci na zauna kusa da Hajiya Ladi, wadda ta juya mini baya tana kallon titi. Can na ji tana jan hanci.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke ba ki san abin da nake ji ba. Ƙafafun nan ba za su kai ni Mambila ba. Wataƙila ni da Bala sai a lahira. Ina so ya ci abin da ya fito daga hannuna."

Na ce, "Zai ci. Dawa da mai da tukunya za su bi mota zuwa Jalingo, daga can a sa su a ta Gembu. Garba yana da ɗan'uwa a tasha."

"Mota ba ta san Bala ba."

"Ba ta san shi ba. Shi ya sa zan bar miki wuri a cikin akwatin, daidai tafi biyu. Ki zaɓi abin da Isuhu zai miƙa masa hannu da hannu ya ce daga Gwaggo."

Na zaci daddawa za ta ɗauka, ko ta ce a tsiyaya mata mai a kwalba. Ta daɗe tana duban kayan. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ƙullin garin kunu.

Ta ce, "Mai wannan ciwon tuwo ba ya wuce masa da farko. Na yi jinyar babansu, na sani. Kunu yake iya haɗiya. Da kaina na surfa, na sa kanwa yadda yake so tun yana yaro."

Wannan ni ban sani ba, Malam Isuhu ma bai sani ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Da aka kafa akwatin, aka sa komai a wurinsa, aka cika jarkar fetur don nauyin ya zama na gaskiya. Wannan karon Malam Isuhu ne ya hau, da hular kwano a kansa. Ya kama hawan kwalbati a giya ɗaya, tayar gaba tana manne da ƙasa. Na sa ya tsaya cak a tsakiyar hawan ya sake tashi, don a dutse haka za ta same shi idan babbar mota ta tare hanya. Ya tashi sumul. Na sa ya maimaita har sai da na ga kafaɗunsa sun saki. Da ya sauko ya cire hular, na ga haƙoransa a karon farko.

Hajiya Ladi ta sa mai keke ya mayar da kayanta. Tana hawa ta ce, "Asabe, baƙin halinki tun na tallan gyaɗa yana nan." Na ce mata ta gaida gida.

Malam Isuhu ya isa lafiya, ya yi damina a can, kuma mashin ɗin ya yi ta kai yayansa asibiti. Amma ba don in ce na yi daidai nake ba da labarin ba, don ko da gadon amaryar Bitrus wataƙila da ya isa, wasu suna isa. Abin da nake so masu tasowa su riƙe shi ne wannan. Nauyin da mai mashin ya faɗa maka a gareji ba shi ne nauyin da zai fita da shi daga unguwa ba. Kafin ka auna ƙarfe, ka tambayi gidan da ya fito da mutanen da ba ya iya ce wa a'a. Mu masu wannan sana'a muna son a ce aikinmu yana da ƙarfi, kuma duk wurin da ka ƙara, sai an cika shi. Wani lokaci gyaran da mutum yake buƙata shi ne ka rage masa wuri, ka kuma ba shi sunan da zai kira idan an tambaye shi dalili. Makanike ba zai iya ba da nasa sunan ba, yana neman kasuwa. Aikin mai gareji ne.

Na san kuma akwati mai ƙobararren murfi ba ya hana mai niyya. Akwai madubi, akwai tanki, akwai wuyan mai tafiya.

Saboda haka washegarin gwajin, ranar Laraba, ina idar da sallar asuba na yafa mayafi, na tare keke na ce Ƙofar Dumi. Na ce wa mai keken kada ya tafi, ya tsaya a bakin lungu. Gari bai gama wayewa ba, amma na tarar da mutane a ƙofar gidan su Malam Isuhu, kowa da abinsa a hannu. Matar liman har ta fara ɗaura ƙullinta a jikin madubi.

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kwanan iyali, sannan na zauna a kan dakali kusa da mashin ɗin. Na ce, "Malam Isuhu ya karɓi saƙon kowa, bai ƙi na kowa ba. Ni ce na hana. Ga keke can, duk mai kaya ya faɗi sunan mai shi a rubuta a jiki, mota za su bi. Wanda zai yi zagi, ga ni a zaune."

Na kwance ƙullin daga madubi na miƙa wa matar liman. Ta karɓa tana salati, tana duban mutane ko wani zai tanka. Aka fara ƙananan maganganu. Wani tsoho ya ce shi bai taɓa ganin inda mace ta zo unguwar da ba tata ba tana kafa doka.

Sai ga Hajiya Ladi ta fito daga zaure da carbi a hannu. Ba ta gaishe ni ba. Ta tsaya ta dubi mashin ɗin, ta dubi taron, sannan ta zo ta zauna a ɗaya gefen dakalin. Daidai nan babban ɗan gidan masu goro ya iso da akwati a ka, ya wuce ni ya nufi Malam Isuhu kai tsaye.

Hajiya Ladi ta ce, "Kai, ina za ka? Ni da na goya shi ma an mayar mini da nawa. Kai shi keke."

Ya kai shi keke. Sauran suka bi bayansa.

Liman ya yi addu'a, muka shafa. Na zagaya mashin ɗin sau ɗaya, na taɓa tayoyi, na ja kwaɗon akwati, na ce wa Malam Isuhu ya tafi kafin wani ya tuna da wani abu. Muka tsaya har ƙarar injin ta ɓace a bayan lungu. Sannan na sa aka fito da buhun dawa da jarkar mai da tukunya aka haɗa da sauran, na matsa na zauna a gefen kayan, na ce wa mai keke mu je tasha.